Daga Littafin Aljihu zuwa Ctrl-R: Tarihin Umarni a Zangunan Akra

Wanda ya san Nima da Mamobi a farkon shekarun 2000 zai iya lissafa sauye-sauye da yawa ba tare da dogon tunani ba. Kafe-kafen intanet da suka cika lunguna sun koma rumfunan MoMo, wato na tura kuɗi ta waya, da shagunan kayan waya. Babban Masallacin Ƙasa na Kanda, wanda aka daɗe ana kallon gininsa, an buɗe shi a 2021. Yaron da ke bin layi don ya sami awa ɗaya a gaban kwamfuta, yau ɗansa na riƙe da wayar da ta fi waccan kwamfutar ƙarfi nesa ba kusa ba. Waɗannan duk ido na ganin su. Akwai kuma wani sauyi da ke faruwa tsakanin yatsun mai aiki da baƙin allon da yake buga umarni a kansa, wato yadda muke tuna abin da muka taɓa bugawa da yadda muke sake amfani da shi. Ƙaramin abu ne a ido, amma na ga ya raba masu sana'a biyu da suka fara koyo rana ɗaya.

Ga wanda bai saba ba, bayan hotuna da maɓallan da ake latsawa a kwamfuta akwai wata ƙofa ta daban, inda ake rubuta wa na'ura umarni layi-layi ta aiwatar. Manhajar da ke karɓar wannan umarni ita ake kira shel. Mai kula da saba (babbar kwamfutar da wasu ke haɗuwa da ita), mai rubuta manhaja, mai gyaran waya da mai haɗa layin intanet, duk ta wannan ƙofa suke shiga idan aiki ya yi tsanani. Wahalarta ɗaya ce: umarni ba ya yafe kuskure. Harafi ɗaya ya ɓace, ko tazara ta shiga inda ba wurinta ba, aiki ya tsaya.

Intanet ya shigo Ghana da wuri. A 1995 kamfanin Network Computer Systems na Dakta Nii Quaynor ya haɗa ƙasar da shi, tana cikin sahun farko a Afirka ta Yamma. A 2001 BusyInternet ya buɗe a Ring Road, tafiya kaɗan daga Nima, daga nan ƙananan kafe suka bazu cikin Zango: ɗaki ɗaya, fanka ɗaya, da tsofaffin kwamfutocin ofisoshin Turai da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema. Wata mai bincike daga Amurka, Jenna Burrell, ta zauna a irin waɗannan wurare, har da na Mamobi, ta fitar da littafinta Invisible Users a 2012. Yawancin samarin da ke shiga hira ce ta kawo su, da neman abokai a ƙetare. Amma kowane kafe yana da mutum ɗaya da aikinsa ya bambanta, wanda ake ƙwala wa kira idan layi ya tsaya. Shi ne zai buɗe baƙar taga ya buga "ping", ya bi da "ipconfig /release" da "ipconfig /renew", jama'a na tsaye a kansa suna kallon agogo, domin lokacin da suka biya yana ci.

Ƙwaƙwalwar wannan mutum littafin rubutu ne na 'yan makaranta, wanda ya naɗe ya cusa a aljihun baya. Duk umarnin da ya taɓa yi masa aiki yana ciki, da biro, wani da jan layi a ƙarƙashi. Kwamfutar ba ta taimaka masa da komai a kan haka. A DOS maɓallin F3 yana dawo da umarnin ƙarshe kawai. DOSKEY, wanda ya zo da MS-DOS 5.0 a 1991, ya ba da damar komawa baya da kibiyar sama, amma da zarar an rufe taga komai ya tafi. Masu kafe kuma, saboda cutar kwamfuta da ke yawo a filashi, sukan sa manhajar da ke mayar da na'ura yadda take duk lokacin da aka sake kunna ta. Saboda haka na'urar kullum sabuwa take wayar gari, ba ta san kowa ba. Littafin aljihu ya zama dukiya, ana ɓoye shi, kuma yaron shago kan yi watanni kafin maigidansa ya bar shi ya kwafa. Wajen kwafar ma ake tafka ɓarna: lamba 1 ta zama harafin l, sifiri ya zama O, yaro ya kwana yana zargin na'ura alhali rubutunsa ne ya ci amanarsa.

Linux ne ya fara sauya mana wannan. Cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa, wadda Ghana da Indiya suka buɗe a Akra a 2003 ƙarƙashin jagorancin Dorothy Gordon, ta tsaya tsayin daka wajen koyar da manhajojin da kowa ke da 'yancin kwafa da gyarawa. Kamfanin Canonical kuma ya yi shekaru yana aika faifan Ubuntu, wani nau'in Linux, kyauta ta gidan waya, har zuwa 2011. Faifai ɗaya kan zaga hannaye da yawa a unguwa. Ina tuna mamakin da mutane ke yi a karon farko: ka kashe kwamfuta, ka kwana, ka kunna, ka latsa kibiyar sama, sai ga umarnin jiya yana jiranka. Shel ɗin da ke ciki, Bash, yana ajiye abin da aka buga a wani ɓoyayyen fayil mai suna .bash_history. Na'ura ta fara tuna mai ita.

Da yawa a nan suka tsaya. Har yau za ka ga mutum ya dafe kibiyar sama yana ta latsawa, layuka na wucewa, idonsa ya yi ja yana neman wani umarni na makon jiya, ya wuce shi bai lura ba, ya dawo ƙasa. Wanda ya ɗan ci gaba zai buga "history | grep adb", ya sami lambar layin, ya kira shi da alamar motsin rai, kamar "!412". Wannan alama tana da tarihi mai kama da namu. Bill Joy ne ya sa ta a C shell a ƙarshen shekarun 1970, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar California da ke Berkeley. A zamanin nan layin da ke haɗa mutum da babbar kwamfuta yakan ɗauki haruffa kusan 30 ne a daƙiƙa, kuma shel ba ya ba da damar komawa cikin layi a gyara shi. Kowane harafi yana da tsada, don haka aka ƙirƙiro gajerun hanyoyi: "!!" ya maimaita umarnin ƙarshe, "!$" ya ɗauko kalmarsa ta ƙarshe. Ƙunci ne ya haifi dabarar, kuma mu da muka yi aiki da layi mai rarrafe da agogon kafe mun san irin wannan ƙunci. David Korn ya kawo gyaran layi a KornShell a farkon shekarun 1980. A 1989 Brian Fox ya fitar da Bash don aikin GNU, ya haɗa duka biyun, tare da binciken baya wanda aka aro daga manhajar rubutu ta Emacs. Wannan binciken shi ne Ctrl-R.

Bari mu dube shi a kusa. Ɗauki mai gyaran waya a Tip Toe Lane, kusa da shataletalen Kwame Nkrumah da kowa ke kira Circle, inda samarin Zango da yawa ke neman abinci. Wata 'yar kasuwar Nima ta kawo waya tana ta daskarewa, hotunan auren ɗiyarta da na kayan da ta ba da bashi duk suna ciki. Kafin ya taɓa komai dole ya kwashe su zuwa laftof. Ya taɓa yin haka wata uku da suka wuce, da dogon umarni mai ɗauke da sunan folda da inda za a zuba. Ya riƙe Ctrl ya latsa R, ya buga haruffa huɗu, "DCIM". Nan take layin ya bayyana cikakke, "adb pull /sdcard/DCIM" da sauran jelarsa. In ba shi yake nema ba, ya sake latsa Ctrl-R, wanda ya gabace shi ya fito. In yana so ya sauya sunan folda, ya taɓa kibiyar dama, layin ya sauko ya gyara. In ya fasa, Ctrl-G ya mayar da shi inda yake. Akwai kuma wani maɓalli da 'yan kaɗan suka sani: bayan ya samo umarnin farko na wani jerin aiki, in ya latsa Ctrl-O maimakon Enter, Bash zai aiwatar da shi ya kuma ajiye masa wanda ya biyo bayansa a waccan ranar. Haka zai bi sawun kansa mataki-mataki. Mai wayar ba ta gama amsa gaisuwar maƙwabcin shago ba, hotunanta sun fara sauka.

Abin da ya koya mana darajar wannan fayil da gaske shi ne dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Daga 2012, bayan lalacewar bututun iskar gas da ke tahowa daga Najeriya, ga kuma ƙarancin ruwa a madatsar Akosombo, wutar lantarki ta zama abin rabo. A 2015 unguwannin Akra sun ga jadawalin awa 24 babu wuta, awa 12 akwai. Tsohuwar kwamfutar tebur ba ta da batir, laftof ɗin gwanjo kuma batirinsa ya daɗe da mutuwa. Sai mutane suka fara lura cewa umarnin da suka sha wahala suka haɗa da rana ba ya nan idan wuta ta dawo. Dalili shi ne Bash yana riƙe tarihin zaman da ake ciki a ƙwaƙwalwar wucin gadi, sai an rufe taga lafiya yake zuba shi a fayil. In an ɗauke wuta a tsakiyar aiki, bai sami damar zubawa ba. Yaro ya ce, "Masta, abin nan da muka yi ɗazu ya ɓace," maigida ya dafe kai, a sake farawa daga tushe.

Maganin layi ɗaya ne a fayil ɗin .bashrc, inda ake saita Bash: a sa PROMPT_COMMAND ya riƙa gudanar da "history -a", yadda kowane umarni zai shiga fayil da zarar ya kammala. A ƙara "shopt -s histappend" domin taga ɗaya kada ta danne abin da wata ta ajiye. Sannan a buɗe ma'ajin. Asalin Bash layi 500 yake riƙewa, Ubuntu ya ɗaga shi zuwa 1000 a ƙwaƙwalwa da 2000 a fayil, abin da mai aiki sosai zai cinye cikin 'yan makonni, tsofaffin su zube ta baya ba tare da sanarwa ba. In aka mayar da HISTSIZE da HISTFILESIZE zuwa 100,000, wurin da za su ci 'yan megabait ne kawai. In aka saita HISTTIMEFORMAT, kowane layi zai zo da rana da lokaci, mai shago ya iya sanin ranar da ya taɓa na'urar wani idan gardama ta taso.

Duk wanda ya yi makarantar allo a Zango zai gane bambancin. Abin da aka rubuta a allo ana wanke shi idan an biya, a rubuta na gaba. Kundin malam kuwa tarawa ake yi, shekara da shekaru, da 'yan bayanai a gefen shafi waɗanda mai shi ya san dalilinsu. Mun daɗe muna ɗaukar baƙar taga a matsayin allo, alhali kundi ne ta ba mu. Har rubutun gefen shafi ana iya yi. A Bash duk abin da ya biyo bayan alamar # a ƙarshen layi ba a aiwatar da shi, amma yana shiga tarihi. Mutum na iya rufe dogon umarninsa da "# kwashe hotunan waya" ko "# gyaran firinta na makaranta". Bayan shekara, ko ya manta kowane harafi na umarnin, zai latsa Ctrl-R ya buga "firinta" ya same shi. Umarnin dai da Turanci aka gina shi, amma hanyar komawa gare shi tana iya zama da Hausar da muke tunani da ita. Ban san wata dabara mai sauƙi da ta fi wannan amfani ga mai koyo ba.

A shekarun baya-bayan nan kayan aikin sun ƙara kaifi. A 2013 Junegunn Choi na Koriya ta Kudu ya fitar da fzf, wanda ke mayar da Ctrl-R jeri guda da ke tacewa yayin da kake bugawa, ko da gutsattsarin kalmomi ka tuna, ko da ba a jere ba. Shel ɗin fish, wanda ya fara fitowa a 2005, daga baya ya zo da salon nuna ragowar tsohon umarni da launin toka tun kana harafi na biyu, kuma masu zsh, wanda Apple ya mayar da shi na asali a kwamfutocinsa a 2019, sun sami irinsa. A 2021 Ellie Huxtable ta fitar da Atuin, wanda ke zuba tarihi a rumbun bayanai na SQLite tare da foldar da aka buga umarnin, tsawon lokacin da ya ɗauka, da ko ya yi nasara ko ya faɗi. Yana kuma iya daidaita tarihi tsakanin na'urori a rufe da makulli. PowerShell na Windows ma yanzu yana ajiye tarihi a fayil, yana amsa Ctrl-R. Kuma wanda ba shi da laftof yana iya sa Termux a wayar Android ya sami Bash cikakke. A kan gilashin waya, inda babban yatsa ke taɓa haruffa biyu lokaci ɗaya, duk layin da ba sai an sake buga shi ba rahama ne.

Masu koyon ma sun sauya. A da baƙar taga ta samarin kafe ce. Da shirin Tech Needs Girls na Regina Honu ya fara koyar da 'yan mata rubuta manhaja a Nima, iyaye da yawa suka ga 'ya'yansu mata da hijabi a gaban kwamfuta suna gina abin kansu. Waɗannan yara sun tarar da kayan aikin da mu muka yi shekaru kafin mu gano, kuma haƙƙinsu ne a nuna masu tun da wuri.

Sai dai sauƙin yana da haɗarinsa, kuma dole a faɗa. Tarihi ba ya tantancewa. Umarnin da ya yi aiki da wanda ya lalata aiki suna kwance kusa da juna, kamanninsu ɗaya. Wanda ya buga "!rm" yana nufin share abin da ya share jiya, zai iya tarar da cewa umarnin sharewa na ƙarshe wani ne daban, kuma yanzu yana tsaye a wata folda. Mai gyaran da ya dawo da layin "fastboot flash" na wata waya ya aika wa wata, zai iya kashe wayar mutane. Gaggawa aikin Shaiɗan ne, a nan ma haka. Bash ya tanadi birki: a ƙara ":p" a ƙarshe, kamar "!rm:p", ya nuna layin ba tare da ya aiwatar ba, ko a sa "shopt -s histverify" domin kowane layin da aka kira ya tsaya a duba shi kafin a latsa Enter. Daƙiƙa biyu na karatu sun fi kwana biyu na ba da haƙuri.

Abu na biyu amana ce. Fayil ɗin tarihi rubutu ne a buɗe, duk wanda ya zauna a kan na'urar zai iya karanta shi. Kalmar sirri da aka buga a cikin umarni, makullin shiga saba, lambar wani abokin ciniki, duk suna nan. A gidajenmu laftof ɗaya kan yi wa wa da ƙane da ɗan maƙwabci aiki, a shago kuma yara uku ke karɓa-karɓa. Mu da muke sayen na'urorin gwanjo mun san abin da ake tararwa a ciki. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada sun sayi tsohon faifan ajiyar kwamfuta a Ghana suka tarar da takardun kwangilar gwamnatin Amurka ba a goge ba. Abin da ya sami manya zai iya samun mai shago a Mamobi ranar da ya sayar da tsohuwar na'urarsa. In HISTCONTROL yana kan "ignorespace" ko "ignoreboth", layin da aka fara da tazara ba ya shiga tarihi. In an riga an yi kuskure, "history -d" da lambar layin zai cire shi, sannan a duba fayil ɗin a tabbatar. Ghana tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2012, amma tun kafin doka mun san hukuncin wanda aka ba ajiya ya tozarta.

Wasu dattawan sana'ar suna kukan cewa yaran yanzu ba su da hadda, komai sai sun bincika. Ina jin kukansu, domin wanda bai fahimci abin da layi ke yi ba, samo shi da sauri ba zai cece shi ba. Amma abin da ya fi damuna wani ne. Tun ƙarshen 2022 mai koyo yana iya tambayar ChatGPT da ire-irensa ya sami umarni cikin daƙiƙa, ya kwafa ya liƙa. Sau da yawa yana aiki. Gobe kuma ya sake tambaya, ya ƙona data, ya sami wata amsa daban, bai tara komai ba. Amsar da ta zo daga waje ba ta san tsohuwar na'urarka ba, ba ta san irin wayoyin da ake kawo maka ba, ba ta san layin da ke yankewa da yamma ba. Tarihinka ya sani, domin kowane layi a cikinsa ya bi ta hannunka a kan wannan na'ura. Ka tambaya a duk inda ka ga dama, amma abin da ya yi aiki ka sa masa alama da harshenka ka ajiye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka kirana ga masu koyarwa a cibiyoyin Nima da Mamobi, da masu shaguna a Circle, shi ne kada a bar wannan ilimi sai wanda ya yi sa'a ya tsinta. A makon farko, tun kafin dogon darasi, a zaunar da yaro ya buɗe .bashrc da hannunsa, ya faɗaɗa ma'ajinsa, ya sa a riƙa ajiye kowane layi nan take, ya koyi Ctrl-R, ya koyi karanta layi kafin ya aika, ya koyi abin da ba a bari a tarihi. Idan kuma ranar yaye ta zo, maigida ya tace nasa tarihin, ya cire sirrin mutane, ya zaɓi layukan da suka ciyar da shi shekara da shekaru, ya sa wa kowanne bayani, ya ba yaron a filashi tare da sukudireba da sauran kayan aiki. Yaron da ya fita da wannan zai buɗe shagonsa da gogewar shekaru goma a hannu, kuma zai san cewa shi ma akwai wanda zai miƙa wa nasa.